Fitilun Damagaram a Wayar Ɗan Dungu

Jama'a masu saurarenmu a Dungu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Kurni, da duk inda muryar nan take isa, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sanyi. Na san da yawanku kuna lulluɓe yanzu, rediyo na gefen kunne, wasu kuma sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi. To ku gyara zama, domin zancen namu na yau zancen wuta ne, wutar da ake kallo da dare, da yadda ake kama ta a hoto.

A watan Disamba na 2018 aka yi bikin ranar Jamhuriya a Damagaram, wanda aka laƙaba wa suna Zinder Sabuwa. Shekara 60 ke nan cif da 18 ga Disamban 1958, ranar da aka ayyana Jamhuriyar Nijar. Kun dai tuna yadda bikin ya riƙa zagaya jihohi: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, sannan ya iso mana. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilun kan hanya, an yi wa gari ado. Samarinmu sun cika motoci sun tafi kallo, har da ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 19 a lokacin, wanda ya sayar da raken da ya noma ya sayi salula sabuwa fil saboda wannan tafiya.

Da ya dawo muka taru a teburin mai shayi, wayar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Hotunan rana sun fito tas: ƙofar fadar Sarkin Damagaram, duwatsun Birni, cinkoson kasuwar Dole. Da aka zo kan na dare sai kowa ya yi tsit. Wasu baƙi ƙirin ne, da zare-zaren fari kamar tana ta bi ta kan allo. A wasu kuma fuskar abokinsa ta yi fari fat kamar an watsa masa gari, bayansa duhu, fitilun da aka je dominsu sun ɓace. Yaron ya karɓi wayarsa ya ce, "Wallahi Baba, ba haka idona ya gani ba."

Gaskiyarsa, kuma laifin ba na wayar ba ne. Kyamara ɗaki ne mai duhu da ƴar ƙaramar taga. Shekara dubu da suka wuce, wani malami haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, Ibn al-Haisam, ya bayyana wannan a littafinsa Kitab al-Manazir. Ya jera fitilu a gaban ƴar kafa da ke buɗewa cikin wuri mai duhu, sai ga hasken kowace fitila ya bayyana daban a bangon ciki. In ya rufe guda, tabonta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna cewa haske tafiya yake yi miƙe, daga abu zuwa ido. Wayar da ke aljihunka a kan wannan ƙa'ida take aiki.

Ka ɗauki haske kamar ruwan sama, kyamara kuma ƙwaryar da aka tara. Da rana zuba yake yi kamar da bakin ƙwarya, kafin ƙiftawar ido ta cika. Da dare yayyafi ne, sai an jima ana tarawa. Hoton farko da ya tsira a duniya, wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa wajen 1826, sai da aka bar farantin yana shan rana aƙalla awa takwas. Wayarka da dare daƙiƙa ɗaya ko uku take nema. Amma a cikin ƴan daƙiƙun nan, in hannunka ya yi rawa ko kaɗan, kowace fitila sai ta ja layi. Zare-zaren da muka gani a wayar ɗan ƙanena rawar hannunsa ce ta zana su, ga sanyi ga ɗoki.

Saboda haka maganin farko shi ne a hana wayar motsi. Masu sana'ar hoto suna ɗora kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku. Kai da ba ka da shi, ga katanga, ga buhun gyaɗa, ga sirdin babur in an kashe injin. Jingina wayar, ka sa mata ƙidayar daƙiƙa uku domin taɓawar yatsanka kada ta girgiza ta, ka janye hannu. In babu abin jingina, manna gwiwoyin hannunka a haƙarƙari, ka riƙe numfashi kamar maharbin da ya saita kibiya. Yawancin wayoyin yanzu, su Tecno da Infinix da Samsung, suna da tsarin dare, sau da yawa da alamar jinjirin wata. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki hotuna da dama a jere ya haɗe su wuri guda, shi ya sa yake ce maka ka dakata. To ka dakata ɗin.

Sai walƙiyar waya, ƴar fitilar nan da ke haskawa in an danna. Ku kashe ta. Haskenta bai wuce taku biyu ko uku ba, ba zai kai ga fitilar da ke saman gini ba, sai dai ya wanke fuskar wanda ke kusa ya bar sauran duniya cikin duhu. A wannan lokaci na hunturu ma abin ya fi muni, domin ƙurar da ke yawo a iska ita walƙiyar ke fara haskawa, hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar ƙwari. Kuma kafin komai a goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi. Wayar da ta wuni a aljihu cikin hazo, aka taɓa ta da hannun da ya ci ƙosai, ko a Makka aka kai ta dishi-dishi za ta ɗauko.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe, wato lokaci. Yawancinmu sai dare ya tsala muke fito da waya, alhali a sa'ar nan sama ta riga ta zama baƙi, fitila kuma ta zama farin tabo, babu komai a tsakani. Lokacin da ya dace malamanmu na fiƙihu sun daɗe da ba shi suna: shafaƙi, jan nan da ke saura a yamma bayan faɗuwar rana, wanda ɓacewarsa ke shigo da isha'i. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen ƙarfe shida. A ƙasashen Turai almuru yana jan ƙafa, mu kuwa da muke kusa da tsakiyar duniya namu gajere ne, minti ashirin da ƴan kai duhu ya rufe. Ka yi sallar magariba, kana sallamewa ka fito. Za ka tarar sama ta yi shuɗi kamar rinin baba, an kunna fitilu, amma har yanzu ana ganin siffar gini, ana ganin hasumiyar masallaci, ana gane fuskar mai tafiya. Hoton da aka ɗauka a ƴan mintocin nan ya fi ɗari da aka ɗauka ƙarfe goma.

In ka saita, taɓa fitilar da ta fi haske a kan allon wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan. Waya tana tsoron duhu, kullum so take ta mai da dare rana, kuma garin haka take ƙona launin fitilu, kore da ruwan goro na tutarmu duk su koma fari. Ka bar dare ya zama dare. Kada kuma ka zuƙo hoto da yatsu biyu, fashewa zai yi; taka da ƙafarka ka matsa. In ka ga ratsi-ratsin baƙi suna gudu a allon, wayar ba ta lalace ba. Kuran ɗin da muke amfani da shi yana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen kuma suna ƙiftawa tare da shi, ido ba ya kamawa amma kyamara tana kamawa. Tsarin dare yakan rage wannan. Shi ma hazon da muke kuka da shi yana da ranarsa: yakan yi wa kowace fitila zobe mai laushi, irin wanda masu hoto a wasu ƙasashe sai sun sayi gilashi na musamman suke samu.

Hattara guda biyu kafin in wuce. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati ba wurin ɗaga waya ba ne a halin da ƙasa take ciki, balle da dare. Kuma matar mutane ko ƴar mutane ba a ɗaukarta sai an nemi izini.

Wannan sha'awa ta ƙawata gari da fitilu a lokacin sanyi tsohuwa ce. A birnin Liyon na Faransa, tun 8 ga Disamban 1852 mutane suke jera kyandir a tagoginsu, har abin ya zama bikin fitilu da ake zuwa kallo daga ƙasashe. A Legas, duk ƙarshen shekara ana lulluɓe titin Ajose Adeogun da ƙananan ƙwayaye. A Alƙahira kuwa azumi ne ke fito da fitilun fanus a kowane lungu. Abin da ya sauƙaƙa wannan ado a zamaninmu shi ne ƙwan LED mai cin wuta kaɗan, wanda Japanawa uku suka samu kyautar Nobel a 2014 saboda gano shuɗinsa. Shi ne dai a cikin tocilar da kike riƙe da ita, Inna, da fitilar solar mai shayi.

Amma manyan masu hoton dare na yankinmu mutane suka bi, fitila ta zama mai rakiya. A Yamai akwai Philippe Koudjina, wanda ya yi shekaru yana yawo da kyamara a wuraren shaƙatawar dare tun farkon samun ƴancin kai, ya rasu a 2014. A Bamako akwai Malick Sidibé, wanda hotonsa na 1963 mai suna Daren Kirsimeti ya zagaya duniya. Me ke cikinsa? Saurayi da budurwa suna rawa a tsakar gida, kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ko takalmi babu a ƙafarta. Yau duk mai son sanin yadda matasan Mali suka ji daɗin ƴancinsu, wannan hoton yake dubawa. Fitilar ado iri ɗaya ce a Dubai da Legas da Damagaram. Fuskar da hasken ya sauka a kanta ita ce ba ta da ta biyu. Don haka in ka je birni, sa abokinka ya juyo ta wajen hasken wani shago, fitilun ado su kasance a bayansa, ka taɓa fuskarsa a allon. Ka haɗa da mai kabu-kabun da ke jiran fasinja a ƙarƙashin fitilar, da yarinyar da ke tallan gyaɗa.

A nan ne kuma zan shigo da abin da ya sa na zaɓi wannan zance, domin koyar da riƙon waya kaɗai bai isa ya cinye mana fili ba.

Hoto yana da gefe huɗu, kuma mai ɗauka shi ke zaɓar abin da zai bari a waje. Titin da aka ƙawata shi ake ɗauka. Unguwar da ke bayansa, inda yara suke bitar karatun lakwal da tocila a baki, ba ta shiga. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya ne cikin biyar yake da kuran a gidansa, a karkara kuwa abin bai kai ko kusa da haka ba. Wutar da ke haska Maraɗi da Damagaram, kaso mai yawa nata daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Mun ga ma'anar haka a watan Agustan 2023, lokacin da aka katse ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Watanni bakwai masu walda da teloli da masu sayar da ƙanƙara suna lissafin asara. Ina son fitilun biki, wallahi ina son su, gari yana da haƙƙin ya yi kwalliya ranar farin cikinsa. Abin da nake roƙo shi ne mai waya ya ɗauki titin a daren biki, ya kuma koma wurin bayan wata shida ya sake ɗauka. In fitilun suna ci, mu gode wa masu kula da su. In sun mutu, ga shaida a hannu da za a nuna wa hukumar gari, ba tare da zagi ko hayaniya ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, kuma ku iyayena mata kun fi ni saninsa. Kowane gida a ƙasar Kance yana da wanda ya tafi: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Suna turo hoto ta WhatsApp, mutum tsaye a gaban babban kanti, fitilu na walwali a bayansa, rigarsa a goge. Hoton ba ƙarya ba ne, ya tsaya a wurin da gaske. Sai dai kangon da yake kwana a ciki bai fito ba, haka bakin titin da yara suke wuni suna miƙa hannu, haka motar da ake loda mutane a maido su iyaka. Ƙanwarsa tana zaune a nan cikin duhu, hasken allon wayar kaɗai ke fuskarta, tana kallon waɗancan fitilu. Me kuke tsammani zuciyarta take raya mata? Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma mafi yawansu ƴan wannan yanki namu ne. Allah ya jiƙansu da rahama. Ban ce hoto ne ya kai su ba; talauci ne, da ƙarancin gona, da damina mai gardama. Amma hoto yana cikin abin da ke sa tafiya ta yi kama da sauƙi. Ɗan'uwana da ke saurare daga can, in ka turo na gaban kanti, daure ka turo na makwancinka ma. Wanda zai biyo sawunka ya san abin da zai tarar.

To mu da muke gida fa, ba mu da abin ɗauka ne? Da sallar magariba ta wuce, fita ka tsaya a bakin tasha. Ga tukubar mai tsire, garwashi ja, hayaƙi na tashi ta cikin hasken. Ga masu rake sun jingina ɗaurinsu a ƙarƙashin fitilar caji. Ga mai cajin waya da allonsa, wayoyi talatin kowace da ƴar ƙwayarta tana ƙyafta ido. Ka zagaya bayan masallaci, ga almajirai sun kewaye wutar karan da suka roro da yamma, kowa ya karkata allonsa ta wajen harshen wutar. Da asuba ga masu ban ruwa a garka, tocila ɗaure a goshi. Ga daren Maulidi, ga yaran tashe in azumi ya kai goma. Duk dabarun da na lissafa suna aiki a nan, har ma sun fi, domin hasken wuta yana son fatarmu. Ka durƙusa daidai tsayin masu zama, ka jingina wayar a kan turmi ko dutse, ka taɓa fuskar da wutar ta fi haskawa, ka jira ta lafa daga tartsatsi.

Ina faɗin haka ne domin waɗannan fitilu suna tafiya. Kakata da aci-balbal ta yi kaɗin auduga, ƴar kasko da man gyaɗa da lagwanin da ta murza da hannunta. Na girma na tarar da fitilar ƙwai, ana aikena sayen kananzir a kwalba, ana yi mini kashedin kada in fasa ƙwan. Yau ka nemi ɗaya a Dungu ka gani ko za ka samu cikin sauƙi. Tocilar Sin da sola sun kore su, kuma madalla, hayaƙin kananzir bai taɓa yi wa ƙirjin kowa alheri ba. Amma ba ni da hoton kakata a gaban fitilarta ko guda. In na ba jikokina labari, hannuna kawai nake kwatantawa da shi. Wutar makarantar allo ma sola ta fara maye gurbinta a wurare da yawa.

In kuma ka samu hoton da ya yi, kada ka bar shi a waya. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, katin ajiyarta yana mutuwa ba sallama. Ranar da ka shiga Matamaye ko Damagaram kai shi wurin masu wanke hoto a fitar maka a takarda, ka juya bayansa ka rubuta wuri da shekara da sunayen waɗanda ke ciki, da boko ko da ajami.

Ɗan ƙanen nan nawa haka ya yi. Bara da sanyi ya nemi izinin malamin da ya koya masa karatu, ya ɗora wayarsa a kan turmi, ya ɗauki makarantar da dare. Yara goma sha ɗaya ne a hoton, wutar tana tsakiya, malam yana gefe ya lulluɓa da bargo, hannunsa ɗaya a kan allon wani ƙaramin yaro yana nuna masa baƙi. Sama ba ta gama duhu ba, ana ganin rassan gawon da ke bayansu. An wanke guda biyu. Ɗaya yana zauren malam, ɗaya kuma uwar ƙaramin yaron ta aiko daga ƙauyensu aka kai mata, domin rabonta da ganinsa tun girbin gero.